Ku Daina Tambayar "Wat Nawa Ne?" Idan Za Ku Sayi Amfilifaya Da Lasifika

Yau zan ɗan ajiye maganar waya da manhaja a gefe, in yi magana a kan abin da yawancinmu muke jona wayar da shi idan mun koma ɗaki da dare, wato kayan sauti. Akwai wata tambaya da kusan kowa yake fara yi idan ya shiga shagon kayan sauti, kuma a ganina ita ce take jawo mana asarar kuɗi da ƙonewar kaya. Tambayar ita ce: "Wat nawa ne?"

Ni ma na yi ta. Kuɗin farko da na samu bayan na haɗa wa wani ɗan kasuwa shafin intanet, rabinsu a kayan sauti suka tafi. Na shiga shago na ga kwalaye biyu, ɗaya an rubuta 1500W, ɗaya kuma 3000W da manyan jajayen haruffa. Na ce wa mai shagon, "Oga, wanne ya fi ƙara?" Ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai kai ma ka ga lambar. Wannan ninki biyun wancan ne." Na ƙara kuɗi na ɗauki mai 3000 ɗin, ina ta murna.

Bayan wasu watanni ina lissafin kayan da ƙaramar inbatar ɗakina za ta iya ɗauka, sai na juya bayan na'urar don in ga wutar da take ci. A wata 'yar takarda da aka manna kusa da wayar wuta an rubuta 230V, 50Hz, 45W. Na daɗe ina kallon lambar nan. Na'urar da take shan wat 45 daga soket, ta ina za ta samo 3000 ta ba lasifika?

Tun daga ranar na fara karatu a kan lamarin, kuma ga matsayata a taƙaice: lambar wat da ke gaban kwali ita ce mafi ƙarancin amfani cikin duk lambobin da ke jikin kayan sauti. Abin da zai sa ka ji daɗin sauti, kayanka kuma su daɗe, shi ne dacewar amfilifaya da lasifikar da ka haɗa masa, da girman ɗakinka, da yadda kake murɗa murya.

Lissafin da ba ya ƙarya

Amfilifaya ba ya ƙirƙirar wuta. Aikinsa ya ɗauki wutar da ta shigo daga soket ko batir, ya sarrafa ta daidai da siffar sautin da wayarka ta aiko, ya miƙa wa lasifika. Abin da zai fitar a kai a kai ba zai taɓa wuce abin da ya shiga ba, hasali ma sai ya gaza, domin wani kaso yana tafiya a zafi. Irin na zamani da ake kira Class D yana iya miƙa kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya sha. Tsohon salo na Class AB, mai nauyin taransifoma da faffadan ƙarfen shanye zafi, ko a ƙoƙarinsa na ƙarshe da wuya ya wuce kashi 60 zuwa 70.

Saboda haka gwajin farko ba ya buƙatar kowace na'ura. Juya bayan kayan ka karanta wutar da suke ci. Idan da adafta suke aiki, ka ninka bolt da amfiya. Adaftar da aka rubuta 12V 2A wat 24 ce iyakarta. Duk wanda ya ce maka kayan da ke kan wannan adaftar suna ba da wat 500, ka san magana ce ta kasuwa.

Masu harkar waya sun san irin wannan wasan. Mun sha ganin fawa bank da aka rubuta masa adadin mAh na fitar hankali, amma ko waya ɗaya bai cika sau biyu ba. Mun ga kyamara mai megafiksel masu yawa da hotonta bai kai na wata mai rabin adadin ba. Wasan ɗaya ne, kaya ne kawai suka bambanta.

Ga wani misali ga masu haɗa nasu da hannu. Akwai 'yan allunan amfilifaya masu araha da ake sayarwa, waɗanda aka gina a kan cif ɗin TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments. Takardar kamfanin ta ce yana ba da wat 50 a kowane ɓangare, amma da sharaɗi: lasifika mai om 4, da wutar bolt 21. Idan ka ba shi bolt 12 daga batirin sola, lissafi ya nuna ba zai wuce wat 18 na sauti mai tsabta ba a om 4, a om 8 kuwa wat 9. Cif ɗin bai yi ƙarya ba. Mai tallan ne ya ɗauki lambar ya jefar da sharaɗin.

PMPO da RMS

Idan ka duba kusa da waccan babbar lamba, sau da yawa za ka ga ƙananan haruffa huɗu, PMPO. Ana nufin wai ƙarfin da na'urar za ta iya kaiwa a ƙiftawar ido. Matsalar ita ce babu wata ƙa'ida ɗaya da aka yarda da ita ta auna shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Shi ya sa ba za ka iya kwatanta PMPO na kaya biyu ba ko da suna jere a kanta ɗaya.

Lambar da ake iya riƙewa ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da amfilifaya zai iya bayarwa ba tare da tsayawa ba. Wannan rigimar ta tsufa. A Amurka ƙaryar wat ta yi yawa a tallace-tallace har sai da hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta kafa doka a 1974 da ta tilasta wa masu kayan sauti na gida su faɗi ƙarfin da na'ura ke bayarwa a kai a kai. Sama da shekara hamsin ke nan da wasu suka gano dabarar, mu kuwa har yau ana sayar mana da ita.

Ko RMS ɗin ma sai ka buɗe ido. Ka duba a om nawa aka auna, domin amfilifaya ɗaya zai nuna lamba mafi girma a om 4 fiye da om 8. Ka duba ko na ɓangare ɗaya ne, ko an tara na duka lasifikoki shida na gidan sinima aka rubuta jimla. Sannan ka duba THD, wato yawan gurɓatar sauti a lokacin awon. Wat 50 a THD kashi 10 sauti ne da ya riga ya fara fashewa, wat 50 a kashi 0.1 kuwa sauti ne tas.

Kunne ba ya ƙirga wat

A ce ma lambobin duk gaskiya ne. Har yanzu maganar mai shagon nan ta "ninki biyu" ba daidai ba ce, domin kunnen ɗan Adam ba haka yake aiki ba.

Ƙarar sauti da desibel ake auna ta, a rubuta dB. Idan ka ninka wat sau biyu, dB 3 kacal ka ƙara. Wannan bambanci ne da za ka ji, amma ɗan kaɗan ne, kamar ka ɗan taɓa maɓallin murya. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan dB 10, wanda yake nufin ninka wat sau goma. Wato wanda ya bar amfilifaya mai wat 50 ya sayi mai 100 don ya girgiza unguwa ya kashe kuɗinsa a kan dB 3. In ninkin ƙara yake so, mai wat 500 zai nema, sannan ya nemo lasifikar da za ta jure.

Wannan shi ne ya kai ni ga lambar da nake ganin ta fi cancanta a tambaya.

Lambar da ba wanda yake tambaya

A takardar kowace lasifika ta kirki akwai layin da aka rubuta Sensitivity, da lamba kamar 85dB ko 91dB. Ma'anarsa ita ce: idan aka ba wannan lasifikar wat 1, aka tsaya mita 1 a gabanta, ga ƙarar da za ta yi. Wato awo ne na yadda take iya mayar da wuta sauti. Kuma lasifika ba gwana ba ce a wannan aikin. Yawancin na gida ko kashi 1 cikin 100 na wutar da aka ba su ba sa mayarwa sauti, sauran duk zafi ne a cikin koyil.

Ɗauki lasifika biyu, ɗaya 91dB ɗaya 85dB. Tazarar dB 6 ce, wato ninki huɗu na wat. Mai 91 da amfilifaya mai wat 25 za ta yi ƙara daidai da mai 85 da aka ba wat 100. Ka ga mutum biyu za su iya samun ƙara iri ɗaya, ɗaya ya biya kuɗin wat 100 da wutar da zai sha, ɗaya ya biya na 25.

Masu sha'awar sauti a ƙasashen waje sun daɗe da sanin wannan. A 1946 wani injiniya a Amurka mai suna Paul Klipsch ya kafa kamfani a kan wata babbar lasifika mai siffar ƙaho da ake ajiyewa a kusurwar ɗaki, Klipschorn, wadda take wuce dB 100 da wat ɗaya. A ɗaya gefen kuma akwai 'yar ƙaramar LS3/5A da BBC ta tsara a shekarun 1970 don sauraren shirye-shirye a ƙananan ɗakunan aiki, wadda take wajen dB 82 zuwa 83. Tsakaninsu akwai tazarar kusan dB 20, wato ƙaramar tana buƙatar wat ninki ɗari kafin ta kamo babbar a ƙara. Dukkansu lasifikoki ne da ake girmamawa har gobe. Shi ya sa za ka ga attajirin da ya kashe maƙudan kuɗi a kan amfilifaya mai kwalbar 300B da ba ya wuce wat 8, ya haɗa shi da lasifikar ƙaho, kuma falonsa ya cika da sauti. A kasuwarmu da wat 8 aka rubuta a kwali, ko kallonsa ba za a yi ba.

Wata 'yar dabara da za ka kula da ita: wasu kamfanonin suna rubuta awon a 2.83V maimakon 1W. A lasifika mai om 8 duk ɗaya ne. Amma a mai om 4, bolt 2.83 wat 2 ne, don haka lambar ta samu kyautar dB 3. Ka cire 3 ɗin kafin ka kwatanta.

To wat nawa ɗakinka yake buƙata?

Bari mu yi lissafin da ɗakin saurayi na yau da kullum. Lasifika biyu masu 88dB, kana zaune mita 3 daga gare su. A fili, duk ninkin nisa yana cin dB 6, don haka mita 3 zai ci kusan 9 da rabi. Amma lasifika ta biyu za ta dawo maka da wajen 3, bango da rufi su ma su dawo da wani abu. A ƙarshe wat ɗaya tak a kowane ɓangare zai ba ka sama da dB 80 a inda kake zaune. Wannan ƙara ce da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka da kyau.

Sauran wat ɗin fa, na mene ne? Na bugun da ke zuwa farat ɗaya ne. Kiɗa ba a miƙe yake tafiya ba. Dukan ganga, ko fashewar wani abu a fim, yana iya haura matsakaicin sauti da dB 10 zuwa 15 na ɗan lokaci, wato ninki 10 zuwa 30 na wat. Idan ka haɗa lissafin, wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare sun ishi irin wannan ɗakin har da rara. Idan lasifikarka 85dB ce, ka ninka. Idan falo ne babba, ka ƙara. Idan kuwa taron biki ne a waje inda babu bangon da zai taimaka, wannan wata sana'a ce daban, kayan ɗaki ba su da hurumi a wurin.

Om: inda amfilifaya yake mutuwa

Na koyi wannan darasin da aljihuna. Wani abokina zai yi ɗan zaman angwanci a tsakar gida, na ce a bar mini harkar sauti. Muka aro lasifika huɗu, na haɗa biyu-biyu a kowane ɓangare na amfilifayar da na saya bayan waccan ta farko: jan waya da ja, baƙa da baƙa. Da farko ƙara ta tashi, kowa yana yaba mini. Ba a yi awa ɗaya ba muka ji ƙauri, sauti ya ɗauke.

Washegari na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya duba, ya ce, "Ɗana, lasifika nawa ka ɗora masa?" Na ce, "Huɗu ne Baba, amma ai ba manya ba ne." Ya nuna mini bayan na'urar inda aka rubuta 4 zuwa 16 da alamar Ω, ya ce, "Kayan raƙumi ka ɗora wa jaki."

Ga abin da ya faru. Om awo ne na yadda lasifika take tare wuta. Ka ɗauke shi kamar bututun ruwa: om mai yawa bututu ne siriri, om kaɗan bututu ne mai faɗi da ke zuƙar ruwa da yawa daga tanki. Idan amfilifaya yana tura bolt 20, lasifika mai om 8 za ta ja amfiya 2.5, mai om 4 ta ja 5, mai om 2 ta ja 10. Lasifikokin da na aro kowacce om 4 ce. Haɗin ja da ja, baƙi da baƙi yana raba om ne gida biyu, sai suka koma om 2. Na tilasta wa na'urar ta ba da ninki biyu na abin da aka gina ta a kai, taransistocinta suka yi zafi har suka ƙone.

Da na haɗa su a jere ne, wato baƙar wayar ta farko ta shiga jar wayar ta biyu, da om ɗin sun taru sun zama 8, amfilifaya ya yi aikinsa cikin sanyi, ko da ƙarar ta ɗan ragu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada jimlar om ta sauka ƙasa da ƙaramar lambar da aka rubuta a bayan amfilifaya. A amfilifaya mai taransisto, sama da ita ba ta ƙona komai.

Idan takardar jikin lasifika ta goge, mitar masu gyara za ta ba ka haske. Mai om 8 takan nuna wajen 6, mai om 4 takan nuna wajen 3. Sannan ka sani lambar da aka rubuta matsakaici ce kawai, domin om na lasifika yana hawa da sauka gwargwadon sautin da take bugawa. Shi ya sa ba a son a zauna a bakin iyaka.

Ƙaramin amfilifaya ma yana kisa

Mutane da yawa suna ganin idan lasifika mai wat 100 ce, amfilifaya kuma mai 30, to sun tsira, su ƙure murya yadda suke so. Nan ne tuwita take mutuwa, wato 'yar ƙaramar lasifikar nan ta sama mai fitar da siririn sauti.

A matsayina na mai rubuta manhaja, ta nan na fi gane abin. A fayil ɗin sauti mai bit 16, kowane ɗigon sauti lamba ce tsakanin -32768 da 32767. Idan ɗigo yana kan 20000 ka ce a ninka shi biyu, 40000 ba shi da mazauni, sai a tsayar da shi a 32767. Kan igiyar sautin da ya kamata ya yi tudu sai ya zama a datse kamar an sa almakashi. Masu harkar suna kiran wannan kilifin. Amfilifaya ma haka yake: wutar da ke cikinsa tana da rufi, in ka nemi abin da ya wuce rufin sai ya datse kan sautin.

Illar biyu ce. Ta farko, sautin da aka datse yana ɗauke da wuta fiye da mai tsabta, idan datsewar ta kai ƙarshe har ninki biyu. Ta biyu, bes ne yake fara buga rufi ya tsaya, amma siririn sauti yana ci gaba da hawa duk lokacin da ka ƙara murya, ga kuma ƙarin tsatsa da datsewar take haifarwa. Duk wannan a kan tuwita yake sauka, alhali wayar koyil ɗinta siririya ce kamar gashi, wat kaɗan aka gina ta ta ɗauka. Lambar 100 da ke bayan akwatin ta akwatin ce gaba ɗaya da kiɗa mai tsabta.

Wayarka tana da hannu dumu-dumu a wannan. Manhajojin nan da ke alƙawarin ƙara murya kashi 200 yawanci ninka lambobin nan suke yi su datse, ko su matse sautin, wato tun kafin ya bar wayar ya lalace. Haka idan ka ja bes sama da dB 6 a ikwalaiza, ka nemi amfilifaya ya ba da ninki huɗu na wat a wannan sashen. Kuma kada maɓallin murya ya ruɗe ka. Rabin maɓalli ba ya nufin rabin ƙarfi. Idan sautin da ke shigowa mai ƙarfi ne, amfilifaya yana iya kaiwa iyakarsa alhali maɓallin bai wuce tsakiya ba.

Akwai kuma matsalar wutarmu. Amfilifaya mai tsohuwar taransifoma yana bin wutar layi ne sau da ƙafa. Idan wuta ta sauka daga 230 zuwa 180, ƙarfinsa ba ya raguwa daidai da haka kawai, kusan kashi 40 cikin 100 yake zubewa. Murya ɗaya da ta yi daɗi jiya za ta fashe yau, kai kuma ka ƙara murɗawa don ka cike gurbi. Ranar da ka ga fanka tana juyawa da ƙyar, ka rage murya.

Abin da masu ja da ni za su ce

Wani zai ce, to tunda haka ne a sayi mafi girma kawai a huta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ni ma na fi son amfilifaya mai 'yar rara da ba a ƙure shi, a kan ƙarami da ake shaƙe wa wuya kullum. Amma babba ma yana kisa, ta wata hanyar. Zai iya dafa koyil da wuta mai tsabta, ko ya tura takardar wufa ta wuce iyakar tafiyarta har ta yage. Ƙananan lasifikoki sun fi shiga wannan haɗarin, domin duk lokacin da sauti ya yi ƙasa da rabi a kauri, sai takardar ta yi tafiya ninki huɗu kafin ta ba da ƙara iri ɗaya. Idan ka ji wani ƙas-ƙas daga wufa, tana buga ƙarshenta ne. Shawarata ita ce RMS na amfilifaya, a om ɗin lasifikarka, ya kasance daidai da abin da lasifikar take ɗauka ko ya ɗan ɗara, sannan hannunka ya zama mai gadi.

Wani kuma zai ce, ni lasifikar Bluetooth nake saya, komai a haɗe yake, ina ruwana da om? Gaskiya ne, kamfani ya riga ya haɗa maka, kuma masu kyau suna da kariyar da ke hana su ƙona kansu. Amma tarkon lambar kwali yana nan, kuma maganinsa ɗaya ne: duba caja da batir, sannan ka saurara da kunnenka.

Na uku zai ce laifin 'yan kasuwa ne. A nan ban yarda gaba ɗaya ba. Mai shago abin da muke tambaya yake amsawa. Idan ya ajiye mai gaskiya da aka rubuta wat 40 kusa da na ƙarya mai 4000, wanne muke ɗauka? Mu muka koya wa kasuwa cewa babbar lamba ce take fitar da kuɗi daga aljihunmu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ranar da masu saye suka fara juya kaya suna karanta bayansu, masu shigo da kaya za su canza abin da suke odarsa.

Abin da ba a sayarwa a shago

Lasifika in ta ƙone ana naɗa mata sabon koyil. Kunne ba shi da mai gyara. Ƙwayoyin da ke cikinsa masu karɓar sauti in sun mutu ba sa dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti, kuma ma'aunin da ta bayar ga manya shi ne dB 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin dB 3 yana raba wannan lokacin biyu. Ka tuna wat ɗaya ya kai mu 80 a lissafin ɗakin nan. Akwai manhajojin auna ƙara a waya, ba su kai na'urar ƙwararru ba, amma za su nuna maka inda kake. Idan ka kashe kiɗa ka ji kunnenka yana ƙugi, ka riga ka wuce gona da iri a wannan daren.

In za ka shiga kasuwa gobe

Ka fara da lasifika, ita ce take da mafi girman tasiri a kan abin da za ka ji, kuma a kanta ya kamata mafi yawan kuɗinka su tafi. Ka tafi da waƙa ko karatun da kunnenka ya saba da shi a wayarka, ka kashe ikwalaiza, ka saurara a murya matsakaiciya, domin ƙarar shago tana ɓoye aibi. Ka nemi lambar dB ɗinta da om ɗinta. Sannan ka nemo amfilifayar da bayansa ya yarda da wannan om ɗin, mai RMS da aka faɗi sharaɗinsa, ka kuma gwada lambar da wutar da yake ci. In ka kai gida, duk lokacin da sauti ya fara kaushi ko tsatsa, ka rage nan take, kada ka jira ƙauri.

Waccan na'urar tawa mai 3000W tana nan har yanzu a ɗakin ƙanena, tana aiki lafiya lau a matsayinta na mai wat ashirin da wani abu, kuma sun ishi ɗakin. Abin da yake ba ni haushi kawai shi ne kuɗin da na ƙara a kan ta 1500, wadda nake kyautata zaton cikinsu ɗaya ne.